Kukan Birkin Motar Ajiya

Har yau in na ji ƙarfe yana gogar ƙarfe, ko da maƙeri ne yake wasa gatari a bakin kasuwa, sai raina ya ɓaci. Ba ƙarar ce ke damuna ba, abin da ta jawo mini ne. An sha ce mini in yi haƙuri in manta. Haƙurin na yi, mantawar ce ta gagara.

Kantinmu yana bakin kasuwar Gure. Mahaifina ne ya kafa shi lokacin da ya taso daga Damagaram, ni kuma na gaje shi da abin da ke ciki: sukari, ganyen shayi, sabulu, igiya, batiran tocila. Amma ba waɗannan ne suka riƙe kantin ba. Daga baya akwai wani ɗaki mai duhu da muke ce wa ɗakin ajiya. Makiyayan Bune da manoman Gidigir, in sun shigo gari, a can suke barin kayansu. Wannan ya bar sirdin raƙumi, wancan buhun hatsi, wata kuma tana tara kwanonin auren ɗiyarta ɗaya bayan ɗaya. Ba takarda, ba shaida, ba a biyan ko dala. Mutum ya ajiye ya tafi, wani sai bayan damina zai dawo, ya tarar da ƙullin da ya yi da hannunsa yana nan yadda ya bar shi. Wanda ya bar kayansa a wurinka kuwa, a wurinka zai sayi sukarinsa. Gadon da mahaifina ya bar mini ke nan, sunan cewa a gidanmu ba a taɓa kayan ajiya, kuma da wannan sunan nake ciyar da iyalina.

Ina da wani ɗan'uwa, ɗan wan mahaifina, ya girme ni nesa ba kusa ba, Yaya nake ce masa. Harkar motoci yake yi tsakanin Kwatano da Agadas har zuwa Libiya, ba ya zama wuri ɗaya. Mutum ne mai kyauta, ba zan hana shi wannan ba, amma bakinsa ya fi tunaninsa sauri. Wata shekara sai ga shi ya dawo da mota a goye bisa kamyo, babbar motar kaya, an ɗaure ta da sarƙa. Ja ce wur, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta dab da ƙasa har kaza sai ta duƙa kafin ta wuce ta ƙarƙashi. Ya ce motar tsere ce. A Gure fa! Garin da rairayi ke haɗiye ƙafar jaki, garin da motocin daji masu dogayen ƙafafu ma sai an sace musu iska kafin su hau tudu. Ita wannan ba ta da hanya sai gudoro, wato titin kwaltar nan guda da ya ratsa gari, sai kuma ƴar hanyar jar ƙasa mai tauri da ta biyo ta ƙofar gidana. Ya yi kwanaki yana kai da kawowa a kai, daga mashigar gari zuwa mafita, ya juyo, ya sake. Jama'a suka kalla har suka gaji.

Da tafiyarsa ta tashi, sai ya kawo ta gidana. Ba don ya fi ƙaunata ba, don ƙofata ce kaɗai a dangi motar za ta iya isa. Muka shimfiɗa katakai, ya shigar da ita rumfar da ke gefen zaure, ya ja birkin hannu, ya miƙo mini makulli.

"Ƙanena, ga amana," in ji shi. "Ka riƙa tada injin lokaci-lokaci don kada shi mutu. Amma kada ta matsa daga nan. Ko gwamna ne ya aiko aro, ka ce mai ita ba shi nan."

Na ce, "Yaya, gidan ajiya ka kawo ta."

Ban san wahalar da na ɗauko ba sai da bukukuwa suka fara. A garinmu, mota mai kyau ba ta mai ita ba ce shi kaɗai ranar kai amarya. Ana zuwa aro kamar yadda ake aron tabarma ko babbar tukunya, kuma mai hanawa sunansa marowaci. To, kowane ango a unguwa ya ƙwallafa rai sai amaryarsa ta shiga jar mota. Maƙwabcina na katanga ɗaya ya zo, na hana. Limamin unguwa ya aiko don ɗansa, na je da ƙafata na durƙusa na ba shi haƙuri. Ƙanen matata ya zo, shi ma na hana, ya daina gaishe ni, matata kuma ta yi kwanaki tana ajiye mini tuwo kamar mai ajiye wa baƙon da ba a so. Duk na shanye. In sun matsa sai in ce musu da tawa ce da sun ɗauka har da ni a ciki, amma kayan ajiya ne.

Kulawa kuwa, ko ɗan fari bai samu irinta ba. Kowace Juma'a da safe nakan yaye tampol ɗin da na rufe ta da shi, in tada injin ya yi ta gurnani, sannan in wanke ta da hannuna. Ruwan famfo a Gure ba abin wasa ba ne, kuma da na zuba wa mota ruwan da ake layi a kansa, da matata ta kai ƙarata wurin iyayena. Amma muna da garka a kwari, can tsakanin tuddan rairayi, inda muke da dabino da rake da ɗan rogo. Rijiyar wurin ba ta da zurfi, ruwanta zartsi ne mai kanwa-kanwa, ba ya shayuwa da daɗi, amma kowa ya san yadda yake cin datti. Mai kula da garkar yakan kawo mini jarkoki a amalanken jaki. Ƙafafun motar nan a buɗe suke kamar taga, kana hango ƙarfen ciki, kuma nan rairayi ya fi taruwa. Don haka nan nake fi kwarara ruwa, in tabbata ko ƙwaya ɗaya ba ta saura ba. Ina gamawa sai in mayar da tampol tun tana jiƙe, don kada ƙura ta manne mata. Na lura farantin ƙarfen da ke bayan ƙafar yana yin ja, amma motar duka ja ce, har abin da ya rungumi farantin ma an shafa masa jan fenti. Ban kawo komai a raina ba.

Damina ta zo ta wuce, aka yi kaka, sanyi ya shiga ya fita. Sai da zafi ya kama sosai Yaya ya dawo. Ya zo gidana da fara'arsa, na yaye tampol, motar tana ƙyalli kamar ranar da aka sauke ta. Ya zagaya ta yana murmushi, ya dafa kafaɗata, ya ce in shiga mu ɗan taka. Ranar ce farkon zamana a kujerarta tana tafiya. Da ya saki birkin hannu sai da wani abu ya yi ƙas a baya kafin ta motsa. Muka hau gudoro, ya ba ta wuta kaɗan, muka nufi wajen kasuwa. Dab da fadarmu, wato inuwar da abokai ke zama shan shayi da la'asar, sai wata akuya ta ratsa. Ya taka birki.

Ƙurrr! Kamar an zuba tsakuwa a dutsen niƙa ana murzawa. Motar duka ta yi rawa, har a haƙorana na ji. Ya saki, ya sake takawa, ƙarar ta sake tashi, ta ma fi ta farko muni. Duk wanda ke fada ya ɗago kai, mai hura gawayin shayi ma ya tsaya da mafici a hannu.

Yaya ya kashe mota ya fito. Ya duƙa ya leƙa ƙafar gaba kamar ya san abin da yake nema, ya miƙe, ya dube ni. Sannan ya ɗaga murya yadda har masu kayan miya na tsallaken hanya za su ji.

"Kai, ƙanena, gaya mini gaskiya. Amare nawa ta kai gidan miji?"

Aka kwashe da dariya. Ni ma na fara murmushi, na ɗauka zolaya ce irin tasa. Sai na ga fuskarsa ba wasa.

"Birki ba shi cinyewa a rumfa," ya ci gaba. "Na bar ta lahiya lau. Wannan kukan na motar da ta sha hanya ne. Amana na ba ka, ka mai da ita ta haya."

Na rantse da Allah a gaban mutane cewa tun ranar da ya ja birkin hannun nan ba ta matsa ba. Na ce ya dubi kwantar, lambar da ke ƙirga tafiya. Ya ce shi bai riƙe lambar da ya bari ba, kuma ko ya riƙe, a Damagaram ana mayar da kwantar baya kamar agogo. Na juya ga fada ina neman mai cewa uffan. Waɗannan mutanen fa su ne suka yi shekara suna ce mini marowaci don na hana su motar. Da bakinsu suka zage ni a kan ƙin fita da ita! Amma kowa ya sa ido a kofin shayinsa. Sai maƙwabcina na katanga ɗaya, wanda na hana ranar aurensa, shi ne ya yi gyaran murya.

"Ni dai ban gani da idona ba," in ji shi, "amma kowace Juma'a muna jin kukanta tun da sassafe."

Allah ya isa tsakanina da wannan magana. Bai yi ƙarya ba, kuma ya san sarai abin da yake yi.

Magana zarar bunu ce. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, labarin ya isa Bune da Gidigir, ya kuma yi ƴaƴa a hanya. Wasu suka ce an gan ni da ita a hanyar Damagaram. Wasu suka ce har Gidigir na kai amarya, wurin da motar ko a mafarki ba za ta iya sauka daga gudoro ba. Ranar kasuwar da hantsi sai ga wani dattijo Bamange daga Bune, abokin mahaifina ne tun ina ƙarami, Baba nake ce masa. Yana da wani sirdin raƙumi na ado, mai jan fata da tagulla, wanda ba ya hawa sai da salla, kuma a ɗakinmu yake kwana tun mahaifina na da rai. Muka gaisa kamar kullum, ya tambayi yara, na tambayi dabbobi. Sai ya murza gemu.

"Ɗana, ɗauko mini sirdin nan. Zan kai shi a duba mini ɗinkin."

Ni na san ɗinkin sirdin nan lafiyarsa ƙalau, don ni nake kakkaɓe shi ina ɗaga shi daga ƙasa saboda gara. Na shiga na ɗauko. Ya karɓa, ya juya shi, ya duba ƙullin igiyar, ya duba ƙarƙashi, abin da bai taɓa yi ba a gabana. Bai sayi sukari ba ranar. Kafin azahar mai tara kwanoni ma ta zo ta kwashe nata, wai ɗiyar tana son ta gani. Ba wanda ya zarge ni da baki. Da sun zarge ni ma da ya fi mini sauƙi, ko ba komai na samu abin amsawa.

Na rufe kanti na tafi wurin Yaya. Na tarar yana shirin a sake ɗora motar a kamyo a kai ta Damagaram gyara. Na ce ba inda za ta. A nan aka ɓata mini suna, a nan za a buɗe ƙafar nan, kuma ina tsaye. Ya ce na cika zuciya. Na ce eh, na cika.

Akwai wani mai garaji kusa da tasha, sa'ana ne, bakinsa ba linzami, motocin daji da kamyo yake gyarawa. Ya faɗa tun farko cewa bai taɓa sa hannu a irin wannan ba, amma birki birki ne. Ya shiga ya ɗan ja ta a filin garajin. Ya taka a hankali, ta yi kuka. Ya taka da ƙarfi, ta yi kuka. Ya bar ta tana gangarawa ba tare da ya taka komai ba, ya leƙo da kansa waje yana saurare, muka ji wani shas, shas, shas yana zuwa yana wucewa daidai da juyin ƙafa. Ya fito yana goge hannu a wando.

"Filaket ne suka ƙare," in ji shi, yana nufin ƴan takalman da ke matse farantin in an taka birki. "In sun cinye sai ƙarfe shi riƙa cin ƙarfe. Wannan kam an yi tafiya da ita."

Yaya ya dube ni ya buɗe hannuwa, kamar mai cewa ka ji ko.  Amma wanda bai ci ba ya san bai ci ba.

"Da kunne ka gani?" na ce wa mai garajin. "Kwance ƙafar."

Nan ma aka sha fama. Kirik ɗin da yake ɗaga kamyo da shi ya ƙi shiga ƙarƙashinta, don ta yi ƙasa da yawa. Sai da ya ɗauko shebur ya haƙa rami a rairayi gefen ƙafar, ya sa katako a ciki, ya zaunar da kirik a kai, yana yi yana zagin wanda ya ƙera mota ba ya tunanin talaka. Da ƙafar ta tashi sama, ya juya ta da hannu. Tana tafiya sai ta ɗan cije a wuri ɗaya, ta wuce, ta zagayo ta sake cijewa a wurin. Ya ce wataƙila tsakuwa ce ta maƙale tsakanin farantin da marfin bayansa, ya zura waya ya laluba, bai samu komai ba. Ya zo kwance ƙusoshi, ɗaya ta ƙi duk wani kile, wato sifana, da yake da shi, ashe ta musamman ce don maganin ɓarayi. Mai motar da kansa bai san da haka ba. Muka yi ta bincike har aka samu ɗan bakin kilen a naɗe cikin tsumma, a aljihun gaban mota.

Ƙafar ta fita. Mai garajin ya durƙusa ya leƙa. Ya zaro filaket ɗaya, ya ɗaga shi sama, ya juya.

"A'a," ya ce. "Ban yi daidai ba. Wannan ko rabi bai ci ba."

Ya miƙa wa Yaya. Kaurinsa yana nan, sai dai fuskarsa ta yi ja da garin tsatsa. Sannan ya nuna mana farantin, wanda suke ce wa diski. Duk fuskarsa ta yi kirci, tsatsa ta ci ta ta yi ƴan ramuka kamar tsohuwar garma da aka manta a gona. Ya juya shi a hankali har ya kawo wani wuri, ya sa yatsa. A nan akwai tambari baƙi, daidai siffar filaket ɗin, da gefensa a tashe kamar an zana da wuƙa. Ya ɗora filaket a kai, ya zauna cif.

"Ka ga nan? Nan ya kwana. Wata da watanni yana manne a wuri ɗaya, ruwa na shiga yana tsayawa a gefensa. Motar da ake fita da ita ba ta tsayawa a wuri guda sau biyu. Da ana taka ta ko sau ɗaya a sati, da birkin ya goge tsatsar da kanshi."

Ya kwance sauran ƙafafun, kowace da tambarinta. Na baya sun fi lalacewa, don birkin hannu ya shekara a ja, har wani ƙarfe da ya kamata ya riƙa zamewa ya kafe. A lungunan kuma akwai wani farin abu da ya bushe ya yi ɓawo. Ya kankaro da farce, ya ɗora a harshe, ya tofar.

"Kanwa! Wa ya wanke ta da ruwan kwari?"

"Ni ne," na ce, kuma da ƙarfi na faɗa. "Kowace Juma'a."

"To, ka ji kukanka. Ba tafiya ce ta kashe birkin nan ba, zama ne da wanka."

Wallahi a lokacin ji na yi kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Na juya ga Yaya ina jira. Ba wani abu mai yawa nake jira ba, kalma biyu ce. Ya daɗe yana kallon tambarin. Sai ya ɗago ya ce:

"To ka gani? Ai na san da hannunka a ciki. Wa ya ce ka yi mata wanka da kanwa, tuwo ce?"

Ku ji fa! Mutum ya kira ka maci amana a bakin kasuwa, ƙarfe ya tashi ya ba da shaida cewa ƙarya ne, sai ya tsallake wannan ya kama wani laifin. Ruwan kanwa na zuba, ban musa ba, rashin sani ne, kuma na ce duk abin da gyaran ya ci in ɗauka. Amma wanda ya ɓata abu garin tsananin kulawa daban, wanda ya ci amana daban, ko yaron goye ya san wannan.

"Yaya, ba abin da ka ce a fada ke nan ba. Cewa ka yi na kai amare. Ka zo fada yau da la'asar ka ce ban kai ba."

"Haba, kai ba a wasa da kai? Magana ta wuce. Ni da girmana in tsaya gaban ƙannena in ce na yi kure?"

Zargin a gaban rabin kasuwa aka yi shi. Wankewar kuwa mu uku ne a garaji, sai wata tunkiya da ke cin kwali a gindin katanga. Na roƙi mai garajin ya riƙa faɗa wa mutane, kuma ya faɗa, Allah ya saka masa. Amma zargin jimla ɗaya ce, kowa na iya ɗauka ya kai Bune a kan jaki. Gaskiyar kuwa sai an zauna, an zana faranti a ƙasa, an yi bayanin filaket da tsatsa, kafin a kai ƙarshe mai sauraro ya tuna da akuyarsa da bai sayar ba. Wasu ma cewa suka yi ai mai garajin abokina ne.

Na kai kuka wurin mahaifiyar Yaya, wadda nake ce wa Inna. Ta saurare ni tsaf, ta ce ta san halin ɗanta, ta kuma san nawa. Sannan ta kawo abin da tsofaffi ke kawowa.

"Babba ba shi ba ƙarami haƙuri da baki, ɗana. Ka dubi hannunshi. Zai yi maka abin da za ka gane."

Na ce, "Inna, da baki ya ɓata ni."

Ta ce in yi haƙuri, zumunci ya fi suna. Mai cewa haka ba da suna yake cin abinci ba.

Aka kai farantan can Damagaram aka goge su a inji, aka sa mai a ƙarfen da ya kafe, motar ta dawo shiru. Ɗakin ajiya kuwa ya yi fili har yarana suka fara wasa a ciki. Ba kowa ne ya kwashe kayansa ba, amma waɗanda suka bari sun koyi duba ƙulli.

Bayan ƙaramar salla tafiyar Yaya ta sake tashi. Ina fitowa daga sallar asuba sai na tarar da jar motar a ƙofar gidana, shi kuma yana tsaye da jakarsa, motar Agadas na jiransa a tasha. Titi ba kowa. Ya miƙo makulli. Wannan ne hannun da Inna ta ce in duba.

"Riƙe mini ita. Ban da wanda na yarda da shi kamarka. Amma wannan karon ka riƙa fita da ita kowane sati, ka taka birkin sosai, yadda mai garaji ya ce. Kuma ban da ruwan kwari."

"Ka gaya wa mutane kai ka ce in fita da ita?"

"Wa ke nan da zan gaya wa? In na dawo."

Ya saɓa jaka ya tafi. Na tsaya da makulli a hannu, gaba kura, baya sayaki. In na mayar wa Inna da shi, a ce na yanke zumunci don na ji kunyar abin da na yi. In na bar motar a rumfa, tsatsa ta sake cin kayan amana, wannan karon kuma da sanina. In na fita da ita, duk wanda yake shakka ya samu abin da idonsa zai gani. Na yi sati biyu ina kewaya rumfar kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Sai aka yi ruwan farko, feshi ya shiga ta gefen zana, washegari na leƙa ta tagar ƙafar na ga ja-ja ya fara hawa farantin.

Na shiga na tada ta. Ba ni da zaɓin hanya, don hanyarta ɗaya ce a duk faɗin Gure, kuma ta bakin kasuwa da gaban fada ta bi. Na wuce fada ban waiwaya ba, amma na ji an yi shewa, na kuma ji muryar maƙwabcina yana cewa, "Ramin ƙarya ƙurarre ne!" Shi ne yake faɗa mini wannan.

Gab da mafitar gari na hango Baba na Bune a kan raƙuminsa, a gefen gudoro, yana jiran ya tsallaka. Na taka birki, motar ta tsaya a gabansa ba ko ƙis. Na sauke gilashi, sai da na lanƙwasa wuya kafin na iya ganin fuskarsa can sama.

"Baba, wushe, sannu. Ina gajiya? Tsaya in yi maka bayani, mai ita ne ya…"

Ya dubi motar daga gaba har baya, ya dube ni a kujerar mai ita.

"Da aka gaya mini, ban so in yarda ba," ya ce a hankali. "Ubanka ko jakin ajiya bai taɓa hawa ba. Allah shi shirya, ɗana."

Ya taɓa raƙumin da ƙafa, suka tsallaka, suka gangara cikin rairayi inda motar ba ta iya bin su. Na zauna ina kallonsa har tudu ya ɓoye shi. Sannan na ɗaga gilashi, na ƙarasa zagayen ina taka birki yadda aka ce, don kayan mutane ne a hannuna.